Diddigen Nanjunda

A ɗakin Timmanna Bhatta ba ka ɗaukar abin da ba a ba ka ba. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a ɗakin nan na bayan gidansa, a unguwar Agrahara ta birnin Maisur, ya san wannan doka tun ranar farko. Zaman yoga a jere yake, wani na bin wani, kuma malam ne ke miƙo maka su ɗai-ɗai. Kullum da asuba ka faro daga na farko, ka bi su bi-da-bi har ka iso inda aka tsayar da kai, sai ka naɗe tabarmarka ka kama gabanka. Ran da ya ga jikinka ya karɓi wanda kake kai, zai tsaya a kanka ya ƙirga maka numfashi biyar, sannan ya ce, "Wuce." In bai faɗa ba, ko ka san na gaban kamar yunwar cikinka, ba naka ba ne.

Nanjunda tela ya kusa shekara goma yana jiran kalmar nan.

Ba neman suna ya kai shi ɗakin ba, asma ce. Yana gab da arba'in lokacin, ƙirjinsa na kuka duk sanyin safiya, bayansa ya ranƙwafa saboda tun yana yaro yake duƙe a kan keken ɗinki yana haɗa rigunan matan mutane. Tsohon malamin, wanda kowa ke kira Guruji, ya zagaye shi sau ɗaya, ya danna masa babban yatsa a gadon baya, ya ce, "Icen nan ya bushe. Amma kawo shi mu gani." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ko Nanjundan ya sani. Duk da haka washegari ya dawo da tabarma a hammata.

Da farko in ya sunkuya, hannunsa a gwiwa yake tsayawa. Shekara ta juyo ya taɓa yatsun ƙafa. Wata ta juyo goshinsa ya sauka a ƙwaurinsa. Ɗora ƙafa a bayan wuya sai da ya ci masa damina uku, amma ya ɗora. Asma ta tafi ba sallama, bai ma lura da ranar ba. A shekarun nan ya ji "Wuce" sau da yawa, kuma duk ranar da ya ji, haka zai wuni a shago yana ɗinki yana murmushi shi kaɗai, har masu kawo aiki su riƙa tambaya ko an yi masa haihuwa ne.

Sai aka iso da shi zaman kurciya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, durƙusawa ake yi a kan gwiwoyi, a ɗaga hannaye sama, a tanƙwara ta baya har kai ya sauka ƙasa kusa da tafin ƙafa, sannan hannaye su rarrafa su kama dugadugai. A nan bayan tela ya ce shi fa iyakarsa ke nan. Shekarar farko iska Nanjunda yake kamawa. Daga baya tafinsa ya sami ƙasa. Can da nisa yatsunsa suka shafi yatsun ƙafa, suka zauna nan kamar sun sami gida, sai da aka daɗe suka matsa zuwa tsakiyar tafin. Daga nan zuwa diddige faɗin yatsa huɗu ne, kuma faɗin yatsa huɗun nan shi ya cinye masa shekaru. Wani lokaci Guruji kan kama wuyan hannunsa ya ja, yatsun su kai, ƙirjinsa ya yi kamar zai tsage. Sai ya sake shi ya ce, "Wannan hannuna ne ya kama, ba naka ba. Ya isa. Gobe."

Mu mutanen Maisur muna da haƙuri, amma bakinmu ba shi da shi. Bayan an tashi, ɗaliban kan tsaya wurin mai kofi a bakin layi, kuma a nan Basappa yake buɗe kasuwarsa ta tsiya. Basappa mai sayar da ayaba ne, ƙaramin Nanjunda a shekaru, ya kuma zo ɗakin bayansa, amma tuni ya wuce shi ya yi nisa.

"Sarkin Kurciya!" in ji shi, yana juya kofi daga wannan moɗa zuwa waccan don ya huce. "Yau ma ba a tashi ba?"

"Sha kofinka, Basappa."

"Ni fa tausayinka nake ji, Anna," in ji Basappa, wato yaya a bakinmu. "Baturiyar nan mai gashi kamar gemun masara, yaushe ta zo? Bana-bana. Ka ga inda take yanzu? Ta wuce ka ko waiwaye babu."

"Ita ba ta yi shekara talatin a kan keke ba."

"To sayar da keken mana, ka sayi sabon baya. Na ji an kawo masu kyau daga Bangalor."

Kowa ya yi dariya, har mai kofi. Nanjunda ma ya yi, don ba shi da abin yi da ya wuce haka. Amma maganar Turawan tana cin sa. Sukan zo da jiki kamar ba ƙashi, su kwashe a wata uku abin da ya ci masa shekara shida, su ɗauki hoto da Guruji, su hau jirgi. Ba ya ƙin su. Abin da ke ƙona masa rai shi ne yana kwance a ƙarshen nasa rabon yana huci, yana jin muryar tsohon a can gefe tana ce wa wani "Wuce" kamar ba wani abu ba ne.

A gida kuwa Puttamma, matarsa, ba ta taɓa gane abin ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba. Ran Asabar, da ba a zuwa ɗakin, takan zaunar da shi a tsakar gida ta mulka masa man zurma daga kai har ƙafa kafin wankan ruwan zafi. Ba ta kiran sunansa, sai dai "Ri", yadda matanmu ke yi.

"Ri, wai me aka ajiye maka a diddigen nan?" ta ce wata Asabar, tana riƙe da ƙafar a cinyarta. "Ga shi nan fa, ba inda ya je. Zauna ka kama shi ta gaba kamar kowa, mu huta."

"Ba za ki gane ba."

"Ai na sani ba zan gane ba. Numfashi ka je nema, ka samu. Sauran na mene ne? Gemu ya yi fari ana ta birgima a tabarma."

Nanjunda ya miƙa mata ɗaya ƙafar. Gaskiyar ita ce yana ƙaunar tsohon nan fiye da yadda ya ƙaunaci ubansa, kuma yana tsoron ya mutu bai sake jin kalmar daga bakinsa ba. Ba zaman gaba yake kwaɗayi ba. Ya gan shi a jikin mutane har ya haddace, ba wani abin a zo a gani ba ne. So yake mutumin da ya ce masa busasshen icce ya dube shi ya ce ya kai.

Ana cikin ƙarshen damina jiri ya ɗebi Guruji yana tsakiyar danna bayan wani ɗalibi, ya faɗi a kansa. Ya tashi yana faɗa wai santsi ne, alhali ƙasan ɗakin a bushe yake. Ba a yi mako ba 'yarsa Sharada ta iso daga ƙauyen mijinta, can cikin duwatsu bayan Sagara. Mace ce mai sanyin murya wadda in ta yanke magana ba a sake ɗaga ta. Uwarta ta rasu, ɗan'uwa ba ta da shi, ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai yana ɗaga ƙattai ba. Guruji ya yi gardamar da zai yi ya gaji. Wata safiya, kafin kowa ya fara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Washegarin ɓatan wata, ranar farko ta bikin Dasara, ita ce ta ƙarshe. Daga nan na rufe. Ku fara."

Makonni ƙalilan suka rage. Nanjunda ya daina cin abincin dare don ciki ya yi sauƙi. Ya riƙa rufe shago da wuri don ya rage wa bayansa duƙo. Faɗin yatsa huɗu ya koma uku, ya koma biyu, ya tsaya. Kullum Guruji ya tsaya a kansa ya duba, ya ce, "Ya isa. Gobe." Goben kuwa tana ta ƙarewa, kuma su biyun sun san haka.

Akwai wata dokar kuma, tsohuwa kamar ta farkon. Ranar cikar wata da ranar ɓatansa ba a shimfiɗa tabarma. Manya sun ce ruwan jiki na bin wata, a ranakun nan gaɓoɓi kan yi laushin da ba na gaskiya ba, wanda ya ji ciwo a cikinsu kuwa ya daɗe bai warke ba. Ɓatan watan nan na gab da Dasara ma ya fi sauran nauyi, don shi ne na magabata, ranar da kowane gida ke dafa abinci ya ajiye wa matattunsa. Nanjunda ya san duk wannan. Shekarunsa a ɗakin bai taɓa ƙetare ranar wata ba ko sau ɗaya.

Amma da ya farka a safiyar, abu ɗaya ne a kansa: gobe ce kaɗai ta rage, ga yatsa biyu, ga yini guda zai tafi a banza. Puttamma na kicin tun da wuri, tana soya ƙosan nan da muke kira wada, tana dama kunun madara da babansa ke so lokacin yana raye. Kamata ya yi ya yi wanka, ya zuba shinkafa a ganyen ayaba, ya kai bayan gida ya kira hankaki su ci a madadin mahaifin nasa. Sai ya tura ƙofar ɗaki a hankali, ya ja buhun tamba gefe, ya shimfiɗa tabarma tsakanin gado da bango. Ya ce wa kansa miƙa kawai zai ɗan yi. Ƙarya yake, kuma ya sani.

Jikin ya ba shi mamaki. Ko'ina a sake, ko'ina da ɗumi, kamar an mayar masa da shekara goma. Ya bi su a jere har ya iso kurciya. Ya durƙusa, ya ɗaga hannu, ya tafi baya. Kansa ya sauka. Yatsunsa suka wuce yatsun ƙafa, suka wuce tsakiyar tafi, suka ci gaba da tafiya ba wanda ya tare su. Sai ya ji kaushin diddigensa a tafin hannu, na dama, sannan na hagu. Ya damƙe su. Ya ƙirga biyar da kansa, hawaye na gangara masa ta goshi zuwa cikin gashi, don a kife yake.

Daga zaman nan a hankali ake tasowa, da ƙarfin cinya, da numfashi. Shi kuwa murna ta sa ya zabura zai miƙe ya faɗa wa ko ma wane ne. Ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa, irin ƙarar da zare ke yi in ya tsinke a keke, ya zube a gefe ya kasa ko juyawa.

A haka Puttamma ta same shi, da ludayi a hannunta.

"Ayyo! Yau? Yau ɗin nan? Ubanka na jiran abinci a waje kai kana nan kana kokawa da ƙafarka?"

"Na kama, Putti," ya ce daga ƙasa. "Duka biyun."

"Ka kama! To tashi mu gani, mai kamu."

Bai iya tashi ba. Da rarrafe ya kai ganyen ayabar bayan gida, tana riƙe da shi tana kuka tana zagi. Ya kira hankaki har muryarsa ta dushe. Suna nan a kan itacen kwakwa suna kallonsa, ba wanda ya sauko sai da shinkafar ta yi sanyi. A wurinmu wannan alama ce mamacin bai ji daɗi ba, kuma su biyun sun san haka.

Washegari Basappa ne ya ɗauko keken doki ya kai shi, don ko tsayuwa ba ya yi sai da dafa bango. Ɗakin ya cika, har waɗanda suka daina zuwa tun da daɗewa sun zo sallama da furanni da kwakwa. Guruji na zaune a 'yar kujerarsa. Ya ga yadda Nanjunda ya shigo, ya yafito shi, ya sa ya juya, ya bi bayan da yatsa har ya iso wurin. Nanjunda ya cije leɓe.

"Jiya?" in ji tsohon.

"Jiya, Guruji."

"Ranar wata. Ranar magabata ma. Kai da nake nuna wa yara in ce su yi koyi da kai."

Nanjunda ya sunkuyar da kai.

"Ka kama?"

"Na kama, Guruji. Duka biyun. Har numfashi biyar."

"Wa ya ƙirga?"

"Ni."

Basappa ne ya matso, shi da bai taɓa buɗe baki a gaban tsohon ba sai an tambaye shi. "Guruji, a yi haƙuri in sa baki. Mutumin nan ba ya ƙarya. Tela ne, amma ko ƙyallen yadi bai taɓa ci wa kowa ba, duk kasuwa an sani. In ya ce ya kama, ya kama. Yau ce ta ƙarshe. A faɗa masa mana, kalma ɗaya ce."

"Ban ce yana ƙarya ba, mai ayaba. Na ce ban gani ba. Shekara hamsin bakina bai faɗi abin da idona bai gani ba, ba yau zan fara ba don ina tafiya." Ya juya ga Nanjunda, muryarsa ta sauko. "Yatsa biyu suka rage maka. Da ka bar su, da sun zo da ƙafarsu. Ka ga yadda sauri ke haifar nawa. Je ka warke. In ka warke ka faro daga farko, kamar ranar da ka fara zuwa. Ran da kurciyar ta zo da kanta, a ranar da ta halatta, hau mota ka zo ka nuna min. Ba mutuwa zan yi ba, ƙauye zan tafi."

Nanjunda ya so ya durƙusa ya taɓa ƙafafunsa kamar kowa, baya ya hana. Sai tsohon ya ɗora masa hannu a ka yana tsaye, abin da ya ƙara sa shi jin kunya.

Ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi ya gwada sunkuyawa, hannunsa ya tsaya a gwiwa, daidai inda ya tsaya lokacin yana ɗan arba'in, ga shi yanzu ya haura hamsin da biyar. Ranar ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin na yara, Puttamma ta ja ƙofa ta bar shi. Washegari ya faro. Ba ɗaki, ba murya, ba hannun da zai danna. An ba wani ɗan kasuwa hayar ɗakin Agrahara ya zuba albasa a ciki, ɗalibai suka watse, wasu suka koma wurin sababbin malamai masu allon suna a ƙofa. Shi dai tsakanin gado da bango, kullum da asuba, ban da Asabar, ban da ranar wata. Bai ƙara tilasta wa jikin komai ba. Inda ya tsaya nan yake barinsa.

Damina biyu suka wuce. Wata safiyar Talata da ba ta da wani suna, bai ma sa rai ba, hannayensa suka tafi suka kama, ba kokawa, ba zafi. Ya taso a hankali. Bai faɗa wa kowa ba. Washegari ma haka, jibi ma haka. Sai da ya ga wata ya cika ya ɓata abin bai gudu ba, sannan ya gaya wa Basappa a wurin mai kofi.

"To shi ke nan!" in ji Basappa, har kofi na zuba masa a riga. "Kurciya ta tashi! Zo gobe gidana in ba ka na gaba. Guruji ya ba ni, ni na ba ka, ina bambancin? Tafiyar nan wuni guda ce fa, Anna, hanyar kuma duk kwana-kwana, bayanka zai gaya maka."

"Ba bakinka nake jira ba."

"Ai na sani. Bakina na ayaba ne." Ya ajiye moɗar. "Na ji an ce jikin Guruji ya ɗan motsa kwanaki. Ban san iyakar abin ba. In za ka je, kar ka ja lokaci."

Puttamma ta duba kalanda ta tabbatar ba ranar wata a kusa, ita da ke cewa ba ruwanta. Ta ɗaure masa shinkafa da tsamiya a ganye, ta naɗe tabarmar da kanta. Motar ta wuni tana hawa tana sauka cikin duwatsu, ya isa ƙauyen da yamma liƙis.

Sharada ta fito tana goge hannu a gefen zanenta na sari. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi.

"Nanjunda Anna? Telan nan? Ayyo, da ka aiko kafin ka taso." Ta dubi tabarmar da ke hammatarsa, fuskarta ta canza. "Ba wanda ya gaya maka?"

Ɓarin jikin Guruji na dama ya shanye tun kafin damina. Yana gani, ta ce, yana ji, amma magana ta tafi, ko kalma ɗaya. Wasu ranakun yana gane mutane, wasu ba ta da tabbas. Ita kaɗai ke fahimtar abin da yake so, daga yadda yake motsa baki. Ta kai shi ya gan shi. Mutumin da ke ɗaga ƙattai da hannu ɗaya yana kwance a ƙarƙashin bargo, ya koma kamar yaro, gefen bakinsa ya zube. Nanjunda ya taɓa ƙafafunsa ya faɗi sunansa. Idanun suka tsaya a kansa, ba su ce komai ba.

"Shi ya ce in zo in nuna masa, Amma," ya ce mata a waje, da kiran "uwa" da muke girmama mace da shi. "Da bakinsa ya faɗa."

"To ka nuna masa," in ji ta. "Da safe nakan fito da shi ya sha rana."

Da gari ya waye ita da mijinta suka ɗauko tsohon suka zaunar da shi a kujerar kaba, suka tokare shi da matasai, a gefen farfajiyar da ake shanya masoro. Mijin ya tafi gona, ita ta koma kicin. Nanjunda ya shimfiɗa tabarma, ya juya wa kujerar baya yadda in ya tanƙwara zai fuskance ta. Bai yi tsalle zuwa kurciya ba. Ya faro daga na farko, ya bi su a jere, duk abin da aka taɓa ba shi, ɗaya bayan ɗaya, har gumi ya jiƙa tabarmar. Duk lokacin da ya saci kallo, idanun na kansa.

Ya durƙusa. Ya ɗaga hannu. Ya tafi baya a hankali, kansa ya sauka, yatsunsa suka rarrafa, suka kama. Daga nan ƙasa yana hangen ƙafafun tsohon, ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace. Ya jira ƙirga.

Numfashi biyar suka wuce, ba murya. Bai saki ba, don ba a saki sai an ce. Goma suka wuce. Cinyoyinsa suka fara rawa, ƙirjinsa ya ɗau zafi, tsohon ciwon ya fara motsi a ƙasan baya, ya ci gaba da riƙewa. Can ya ji wani gurnani daga maƙogwaron tsohon. Ya taso a hankali yadda aka koya masa, ya juya, ya ja gwiwa har gaban kujerar.

Bakin na motsi. Leɓen hagu na turowa gaba yana komawa, harshe na ƙoƙarin fitowa, hannun mai lafiya na ɗagawa daga kan bargo yana faɗuwa. Nanjunda ya kai kunnensa har yana jin hucin numfashin.

"Ina ji, Guruji. A hankali. Ina nan."

Sharada ta fito da moɗa da ƙaramin cokali.

"Ƙishirwa yake ji, Anna. In ya yi haka ruwa yake so."

"Kin tabbata?"

"Kullum war haka." Ta ga fuskarsa, sai ta yi sauri ta ƙara, "Amma ya gan ka, na tabbata ya gani. Ya ji daɗi. Ka ɗauka kawai ya faɗa."

Nanjunda ya karɓi moɗar daga hannunta. Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai bakin, yana fatan a kau da kai, a ture hannunsa, a nuna ba wannan ake nufi ba. Tsohon ya haɗiye da sauri ya sake buɗe baki. Ya ba shi na biyu, ya ba shi na uku, har moɗar ta yi rabi. Sai motsin bakin ya tsaya, hannun ya kwanta, idanun suka lumshe cikin ɗumin rana. Ruwa ne yake so. Baƙin cikin da ya sauko wa Nanjunda a wurin bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka ƙone gawar ubansa. Ya sa gefen mayafinsa ya goge ruwan da ya gangaro a haɓar tsohon.

Sharada ta karɓi moɗar. Ta dubi tabarmar da ke shimfiɗe a rana.

"Za ka ƙarasa sauran ne, Anna, ko in kawo maka kofi?"

"Kawo kofin, Amma," ya ce. "Babu sauran."